Kunnen Maharbi Da Haƙƙin Barewa

Cikin makaman da Turawan Ingila suka zo da su Kano a watan Fabrairun 1903, suka wuce da su Sakkwato a watan Maris, har da wata bindiga mai aman harsashi babu ƙaƙƙautawa, wadda ake kira Maxim. Sunan maƙerinta ta ci, Hiram Stevens Maxim, haifaffen Amurka da ya koma Ingila da zama. Bindigar ta kawo masa dukiya, ta kawo masa lambar girma daga fadar Ingila, ta kuma cinye masa kunne. Shekarun da ya kwashe yana gwajin bindigogi sun bar shi a kurmance har ya mutu a 1916.

Ɗansa, Hiram Percy Maxim, injiniya ne shi ma, amma shi da ƙara ya yi yaƙi. A 1909 gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar fasahar wani bututun ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin bindiga don ya rage mata tsawa. Dabarar ɗaya ce da ta abin nan da ke ƙarƙashin mota da gefen babur, wanda kowane bakanike daga Ƙofar Ruwa zuwa Panteka ke kira salansa. Iska mai zafi da albarushi ke turowa ake bi da ita ta cikin 'yan ɗakuna, ta huce, ta rage gudu, kafin ta fito fili. A kan 'yan daloli ake sayar da ita a wancan zamani, kuma Theodore Roosevelt, tsohon shugaban Amurka, yana da guda a kan bindigar da yake harbi da ita a gidansa.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, salansa ta zama kayan aikin yau da kullum ga mafarautan Turai. A Norwe ana sayenta kamar yadda ake sayen jakar bindiga, babu wata takarda ta musamman. A Birtaniya masu farautar barewa da yawa ba sa fita daji sai da ita. Faransa ta halatta ta wa mafarauta a watan Janairun 2018, Jamus ta sassauta dokarta a 2020. Waɗannan ƙasashe ne da samun lasisin bindigar kanta yake da wuya, amma sun saki hannu a kan salansa, kuma dalilinsu na asibiti ne.

Ƙarar bindigar farauta tana kai desibel 160 zuwa 170 a kusa da mai harbi. Masana lafiyar ma'aikata a Turai da Amurka sun tsayar da 140 a matsayin iyakar da bai kamata ƙara mai fashewa ta haura ba, ko da sau ɗaya ne. Ma'aunin desibel kuwa ba kamar mudu yake ba: duk ƙarin goma yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma in suka mutu ba sa sake tsirowa. Likitocin kunne sun san alamar tsohon maharbi tun kafin ya faɗi sana'arsa: wanda ke harbi da dama, kunnensa na hagu ne ke fara tafiya, don shi ke fuskantar bakin bindiga, na dama yana laɓe a bayan kai. Sai a ce ya toshe kunne mana. A filin atisaye yana iyawa, amma a daji da kunne yake farauta. Yana sauraren motsin ganye, da haushin karensa, da muryar abokin tafiya. Karen kuma, wanda jinsa ya fi na mutum kaifi, babu mai toshe masa nasa. A 2011 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta auna ƙara a wani filin koyon harbi a Kalifoniya, ta nuna cewa salansa ce hanyar da za ta iya rage ƙarar tun daga tushenta.

Har nan babu gardama mai yawa tsakanin mafarauta. Saɓanin yana farawa ne bayan an ɗaura salansa, lokacin da aka zo zaɓen harsashin da za a ɗura. Kuma a nan ya kamata a faɗi magana ba kwana-kwana: maharbin da ya rage wa harsashinsa ƙarfi don kawai ya ji bindigarsa ta yi shiru, alhali babbar dabba zai harba, ya sayi jin daɗinsa da wahalar dabbar. Salansa haƙƙin kunnensa ce. Saurin mutuwa haƙƙin barewa ne, kuma bai kamata a biya na farko da na biyu ba.

Finafinai ne suka fara ɓata wa mutane fahimta. A fim, mugu yana harbi a ɗaki, abin da ake ji bai wuce tsartar da yawu ba, mai gadi na bakin ƙofa bai ko waiwayo. A zahiri salansa mai kyau tana rage desibel 20 zuwa 35 ne. Bindigar farauta da ta tashi daga 165 ta sauko wajen 135 zuwa 140 har yanzu bindiga ce. Duk wanda ke kusa zai san an yi harbi. Abin da ya ragu shi ne dukan da kunne ke sha, da harbin baya da bindiga ke yi wa kafaɗa, da zaburar da ke sa maharbi runtse ido kafin ya ja kunama. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ba ya tsoron bindigarsa ya fi iya saiti.

Me ya sa ƙarar ba ta ɓacewa gaba ɗaya? Saboda ƙara biyu ce ke fita a harbi ɗaya, kunne ne ke haɗa su. Ta farko tsawar bakin bindiga, wato fashewar iskar albarushi, kuma ita salansa ke kamawa. Ta biyu daga jikin harsashin take. Sauti yana gudun kimanin mita 343 a sakan ɗaya a yanayi matsakaici. Duk abin da ya wuce wannan gudu yana keta iska da ƙara mai kaifi, kamar yadda jirgin yaƙi ke yi, ko ƙarshen doguwar bulala in an kaɗa ta a iska. Wannan “tas” ɗin da ake ji, bakin bulalar ne ya tsere wa sauti. Harsashin farauta na yau da kullum yana ninka gudun sauti fiye da sau biyu, saboda haka yana jan wannan ƙara a bayansa duk tsawon tafiyarsa. Salansa ba ta da iko a kanta, tun da harsashin ya riga ya bar gida.

Hanya ɗaya ce ta kashe ƙara ta biyu: a rage wa harsashi gudu ya dawo ƙasa da na sauti, wajen mita 300 zuwa 320 a sakan. Kamfanonin harsashi sun gane akwai kasuwa a nan. Fitaccen misali shi ne wanda ake kira .300 Blackout, wanda kamfanin Advanced Armament ya fitar tare da Remington, aka amince da ma'auninsa a Amurka a 2011, bisa wani tsohon tunani na wani maƙeri J. D. Jones tun farkon shekarun 1990. An ƙera shi ne ya zo iri biyu, mai sauri da mai tafiyar hawainiya, kuma na biyun ne ya yi suna. Bidiyon tallansa sun cika intanet: a harba, a ji bugun ƙarfen bindiga da faɗuwar harsashi a kan allo, mai harbi ya juyo yana murmushi. A filin atisaye wannan abin sha'awa ne, babu mai musu. Matsalar ita ce wasu suna ɗaukar wannan sha'awa su shiga daji da ita.

Lissafin ba ya buƙatar digiri. Ƙarfin harsashi ya dogara ga nauyinsa da gudunsa, amma gudu ya fi yawan kaso: in aka ninka nauyi, ƙarfi ya ninka biyu, in aka ninka gudu, ƙarfi ya ninka huɗu. Haka yake in aka yi ƙasa. Harsashin .308 Winchester, wanda mafarautan barewa suka fi sani, nauyinsa wajen giram 10, yana fita da gudun kimanin mita 860 a sakan, da ƙarfin da ya kai jul 3,500. Na .300 Blackout mai jinkiri an ƙara masa nauyi zuwa wajen giram 14 don a cike giɓi, amma duk da haka abin da yake ɗauke da shi bai wuce jul 700 ba. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan, tun a bakin bindiga, kafin ya yi tafiyar ko taku ɗaya.

Ƙarancin ƙarfi ma ba shi ne babban abin damuwa ba. Harsashin farauta an ƙera shi ne ya buɗe in ya shiga jiki, kansa ya baje kamar laima, ya yi faffaɗan rauni a huhu da zuciya, jini ya zuba da sauri, dabba ta faɗi cikin 'yan sakanni. Wannan buɗewar da gudu take faruwa. Yawancin irin waɗannan harsasai suna buƙatar wajen mita 550 a sakan kafin su buɗe yadda aka tsara. A gudun mita 300 a sakan, harsashi irin wannan sai ya ratsa kamar basilla, ya bar ƙaramar huda ta shiga da ta fita. Barewar ba ta faɗuwa. Tana shiga kurmi da rauni, jinin da take zubarwa bai isa a bi sawu ba, ta je ta kwanta a wani surƙuƙi ta yi awoyi, wani lokaci kwanaki, kafin rai ya fita. Maharbin ya koma gida yana cewa ya kuskure, alhali bai kuskure ba.

Ga kuma batun saiti. Duk abin da aka jefa, ƙasa tana jansa tun daga lokacin da ya bar hannu. Harsashi mai sauri yana cin mita 100 cikin ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin goma na sakan, saboda haka saukar da yake yi ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Mai jinkiri yana ɗaukar kusan sulusin sakan, kuma a wannan lokaci yana sauka fiye da rabin mita. Ana iya gyara saiti don a rufe wannan, amma sai an san nisan daidai. Kuskuren taku ashirin wajen ƙiyasin nisa, wanda kowa na iya yi da magariba a gangaren tudu, ya isa ya ɗauke harsashi daga ƙirji ya kai shi ƙafa ko ciki. Sulusin sakan kuma ya ishi dabba ta ɗaga ƙafa ta matsa.

Ƙasashen da suka fi kowa rungumar salansa sun riga sun yanke wannan hukunci a dokokinsu, kuma abin lura ne yadda suka raba abubuwan biyu. Dokar barewa ta Ingila da Wales ta 1991 ta ce ba a harbin manyan nau'o'in barewa da harsashin da ƙarfinsa a bakin bindiga bai kai jul 2,305 ba. A Jamus, dokar farauta ta tarayya tana auna ƙarfin ne a nisan mita 100: jul 1,000 ga ƙaramar barewa, jul 2,000 ga manyan dabbobi masu kofato kamar aladen daji da babbar barewa. Sikotland ta fi kowa fitowa fili, domin ita gudun ma ta ƙayyade: harsashin barewa sai ya fita da saurin ƙafa 2,450 a sakan, wato kusan mita 747, fiye da ninki biyu na gudun sauti. Mai farautar barewa a tsaunukan Sikotland zai ɗaura salansarsa, hukuma ba ta da ja, amma harsashin da ke ciki dole ya kasance mai keta iska. Ya kare kunnensa gwargwadon iko, ya bar wa dabba haƙƙinta cikakke. A Amurka kuwa kowace jiha da nata tsarin, wasu sun ƙayyade ƙarfi, wasu sun bar wa maharbi da lamirinsa, kuma a can ne kasuwar harsashi mai jinkiri ta fi ci.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne ga mai karatun da ya tashi a gidan da ake layya. Tun yaro yana ƙarami yake ganin ana wasa wuƙa kafin a kawo rago, a ɓoye ta kada ragon ya gani, a yi yankan da sauri. Musulunci ya halatta nama, ya kuma ɗora wa mai yanka nauyin kyautatawa. Harsashi wuƙar maharbi ce. Wanda ya zaɓi mai rauni da gangan, don wata buƙatarsa ta daban, bai da bambanci da wanda ya yi yanka da dasasshiyar wuƙa saboda ta fi kyan kube.

Masu kare harsashi mai jinkiri suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa yanzu akwai harsasai da aka ƙera musamman don su buɗe a ƙaramin gudu, kamar wanda kamfanin Hornady ke kira Sub-X. Suna cewa kibiya ma ƙarfinta bai kai ko kusa da jul 700 ba, amma mutane sun yi dubban shekaru suna kayar da manyan dabbobi da ita, har yau kuma farautar baka halal ce a duk jihohin Amurka. Gaskiya ne. Amma maharbin baka ya san abin da ke hannunsa. Yana laɓaɓawa har sai ya matso taku ashirin ko talatin, yana jira dabba ta ba shi gefe, in ba ta ba shi ba ya haƙura ya koma gida hannu rabbana. Wanda zai riƙi harsashi mai jinkiri da irin wannan ladabi, ya ɗauke shi kamar kibiya, ya gwada shi ya ga yana buɗewa, ya taƙaita kansa ga ɗan gajeren nisa, a wurin da doka ta yarda, ba shi ake zargi ba. Haɗarin shi ne bindiga ba ta tuna wa mai ita iyakarsa yadda baka ke yi. Madubin saiti yana nuna masa barewa a mita 150 kamar ya miƙa hannu ya taɓa ta, kuma zuciya ba ta cika ƙin tayi irin wannan ba.

Akwai wurin da harsashi mai jinkiri ya dace sarai, kuma manoman Birtaniya sun daɗe da sanin sa. Ƙaramin harsashin nan .22, mai nauyin giram biyu da rabi da 'yan kai, shi ake amfani da shi wajen rage zomaye da kurege da ke ɓarna a gonaki da dazuzzukan katako. Ga zomo a nisan mita 40 ko 50, ƙarfinsa ya isa har ya yi saura. Da salansa, ƙararsa tana sauka ƙwarai, ba ya firgita tumaki da dawaki, ba ya tayar da maƙwabta cikin dare, sauran zomayen ma ba sa watsewa da harbin farko. Masu gasar saiti su ma mai jinkirin suke so, don harsashin da ya fara da saurin da ya ɗara na sauti kaɗan yakan ɗan girgiza lokacin da gudunsa ke saukowa ta kan wannan iyaka. A nan shiru bai ci haƙƙin kowa ba. Girman dabba ne ya kamata ya zaɓi harsashi, sannan a duba wace salansa za ta iya da shi.

Wani abin da tallace-tallace ba sa faɗa shi ne shiru ba ya nufin rashin haɗari. Harsashi mai sauri in ya bugi dutse ko busasshiyar ƙasa yakan farfashe. Mai nauyi da jinkiri kuwa yakan tsira da jikinsa, ya yi tsalle ya canza hanya ya ci gaba da tafiya, ga shi kuma mutumin da ke bayan shinge bai ji gargaɗin tsawa ba. Sannan akwai abin da ke faruwa a cikin bindigar kanta. A cikin bututu akwai tsagi a murɗe da ke juya harsashi kamar katantanwa, juyin ne ke hana shi tangaɗi. Dogon harsashi mai nauyi yana buƙatar juyi mai sauri. In bututun ba don shi aka yi ba, zai fito yana layi, ya daki cikin salansa ya fasa ta a gaban fuskar mai harbi. Mafi muni shi ne wanda ya zauna a gida ya rage albarushi da ka don ya samu shiru a arha. Harsashin yana iya maƙalewa a tsakiyar bututu, salansa ta ɓoye alamar, na biyu ya zo ya tarar da shi. Garin neman gira ake rasa ido a irin wannan, kuma a nan ba karin magana ba ce kawai.

Ko yanayi yana da ta cewa. Gudun sauti yana sauka in an yi sanyi: a ranar da ruwa ke daskarewa wajen mita 331 ne a sakan, a zafin digiri 40 kuwa ya kai wajen 355. Harsashin da ya yi shiru a bazarar Texas yana iya yin “tas” a hunturun Finland. Mutum ya sadaukar da kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin harsashinsa, sannan sanyin safiya ya ƙwace masa shirun da ya saya.

Sabon abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne dalma. Shekaru aru-aru da ita ake yin harsashi, saboda nauyinta da taushinta. Amma guba ce, kuma mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayani, bayan yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinare a 2010. Harsashin dalma mai sauri yana barin ɓurɓushi a cikin nama da kayan cikin da maharbi ke zubarwa a daji, ungulaye da gaggafa su ci su mutu. Don ceton wata ƙatuwar ungulu da ta kusa ƙarewa, Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga watan Yulin 2019. Denmak ta hana harsashin dalma a bindigogin farauta daga Afrilun 2024. Abin da ke maye gurbinta shi ne jan ƙarfe, wanda ya fi dalma tauri, bai kuma kai ta nauyi ba, saboda haka ya fi ta buƙatar gudu kafin ya buɗe. Duniyar farauta tana tafiya ne zuwa ga harsashi marar nauyi mai sauri, akasin inda masu neman shiru ke ja. Sikotland ta nuna haka a 2023: ta rage mafi ƙarancin nauyin harsashin babbar barewa don a samu damar amfani da na jan ƙarfe, amma ba ta taɓa sharaɗin gudu ba.

Mai karatu a Gusau ko Birnin Gwari yana da haƙƙin ya ɗaure fuska da jin ana yabon abin da ke rage ƙarar bindiga. Inda harbi ke zuwa da dare a kan babura, tsawar bindiga ita ce ke tayar da gari, ta ba mata da yara damar gudu. Wannan tsoro ba na jahilci ba ne, kuma Amurka ma ta ɗanɗana. A ranar 31 ga Mayun 2019, mutumin da ya kashe mutum 12 a wani ginin ƙaramar hukuma a Virginia Beach ya yi amfani da bindigar hannu mai salansa. A Disamban 2024 an harbe shugaban kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealthcare, Brian Thompson, a kan titi a New York da bindiga mai ita. Tun 1934 dokar Amurka ta sa salansa cikin kayan da sai an yi musu rajista da gwamnatin tarayya, da harajin dala 200 wanda a lokacin ya ninka kuɗin salansar sau da yawa. A 2025 majalisa ta soke harajin, rajistar ta ci gaba. Abin da ya sa tsarin Norwe ke aiki shi ne bindigar kanta tana da lasisi, an san mai ita, an gwada shi. A ƙasar da hukuma ba ta san adadin bindigogin da ke yawo a dazuzzukanta ba, maganar sassauta wa salansa ba ta ma taso ba, kuma wannan rubutu ba ya kira zuwa gare ta. Amma wannan damuwa tana ƙara wa hujjar farko ƙarfi. Salansa da harsashi mai sauri suna kare kunne, suna kuma barin ƙarar da ke sanar da jama'a an yi harbi. Matsanancin shiru ne ke amfanar wanda ba ya son a ji shi, kuma mafaraucin barewa mai lasisi ba shi da wannan buƙata.

Ƙasashen arewacin Turai ba su tsaya ga ƙayyade harsashi ba. A Norwe, duk wanda zai farauci babbar dabba sai ya ci jarrabawar harbi kowace shekara: bayan harbin atisaye, ya jera harsashi biyar cikin da'ira mai faɗin santimita 30 daga nisan mita 100, da bindigar da zai fita da ita. Dole kuma ya kasance yana da hanyar samun karen da aka horar wajen bin sawun jini. A Suwidin doka ta ce irin wannan kare ya iya isa wurin da aka yi harbin cikin awa biyu. Wanda ya raunata dabba a can ba ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida. Zai bi ta da kare da fitila, cikin dusar ƙanƙara in ta kama, har sai ya same ta ya ƙarasa ta ko ya tabbatar ba ta ji ciwo ba.